Ranar Da Giwa Ta Roƙi Kurege Inuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Giwa ce dai ƙarfi ya yi wa yawa. In tana son ganyen sama, sai ta sa goshi ta ture bishiyar ɗungurungum, ta ci kaɗan ta wuce.

Kurege ya ce, "Ranki ya daɗe, in kika kayar da su duka, ina za mu fake?"

Giwa ta tuntsire da dariya. "Daji ne zai ƙare? Kauce, kada in taka ka."

Kurege ya kauce. Ya shiga tsintar ƙwallon kaɗanya da 'ya'yan ɗorawa da na tsamiya, yana binnewa a bayan dutse, damina bayan damina.

Ana nan, ana nan, dajin Giwa ya zama fili fetal. Rafi ya ƙafe, rana ta gasa mata baya. Ta ja ƙafa har bayan dutse, sai ga kurmi kore shar, ruwa na gudu a ƙarƙashinsa.

Ta durƙusa ta ce, "Malam Kurege, a taimake ni da inuwa."

Kurege ya miƙe a kan ƙafa biyu, ya bubbuga ƙirji. "Da faratan nan na shuka shi. Bismilla, shigo. Amma da hanci za ki tsinki ganye, goshin nan kada ya taɓa mini itace."

Giwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ji, na bi."

Shi ya sa har gobe kurege kan tsaya tsaye, wutsiya a sama, yana duba gonarsa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare a nan!