Tazara Biyu Bayan Aya

Akwai wata malamar makaranta da har yau 'yan gidansu suke kira Auta, duk da ta yi aure ta haihu. Ta daɗe tana rubuta littafi. Da biro take rubutawa tsakanin darasi da darasi, rubutun nata kuwa in ba wanda ya haife ta ba, babu mai iya karanta shi.

Wanda ya haife ta ɗin shi ne mai buga mata. Tsohon akawu ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tafireta a wani ofis har ya yi ritaya. Auta ta ajiye masa tsohuwar kwamfutarta a kan teburin falo, kusa da taga. Duk babin da ta gama sai ta kawo, shi kuma ya sa tabarau ya gyara zama kamar wanda ya koma bakin aiki. Mama takan tsokane shi cewa tun da aka kawo kwamfutar nan ya daina jin kiran abinci.

Sai dai idon Baba ba lafiya. Likita ya ce ciwon irin mai cin gani a hankali ne, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. An sa masa ranar da za a yi masa aiki, an kuma ja kunne kada ranar ta wuce. Auta ce mai mota, ita ta ɗauki alkawarin kai shi.

Da littafi ya kammala, Auta ta samo wani kamfanin ɗab'i da yake karɓar sababbin marubuta. Ta zauna a falon nan tana karanta ƙa'idojinsu a waya: girman harafi kaza, faɗin gefen shafi kaza. Sai ta zo kan wata da ta ce bayan kowace aya, wato ɗigon ƙarshen jimla, tazara ɗaya tak za a bari. Wanda ya saɓa, ba za a duba aikinsa ba.

Ta buɗe kwamfuta ta duba. Tun daga shafin farko har na ƙarshe, bayan kowace aya tazara biyu ce.

Baba ya yi mata bayani yana murmushi. Ya ce haka aka koya musu, domin a tafireta duk haruffa faɗinsu ɗaya, in ba a buga biyu ba jimloli sai su cakuɗe. Ya ce malaminsu da rula yake bin yatsun wanda ya buga ɗaya. Har ya ɗaga babban yatsansa yana nuna mata inda ya sha duka.

Auta ba ta yi dariya ba. Shekarun da ta yi tana wahala kawai take gani suna shirin tashi a banza, kuma ga wanda za ta ɗora wa laifi a zaune a gabanta.

"Baba, wannan fa ba ofishinku na da ba ne," ta ce. "Zamanin nan ya wuce ka. Da na sani da na kai shago an buga min. Yanzu sai a bi su ɗaya bayan ɗaya a cire, ko littafin ya mutu a nan."

Mama ta leƙo daga kicin ta kira sunanta sau ɗaya, irin kiran da ake yi wa yaro ya shiga hankalinsa. Baba kuwa ya sauke yatsan. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Auta ta tura wa kanta kwafin littafin ta fita ko sallama babu.

Washegari a ɗakin malamai tana ta ƙorafi, sai malamar da ke koyar da kwamfuta ta ce ta miƙo kwafin. Ta buɗe wani ɗan akwati a allon, ta umarci na'urar ta nemo duk inda tazara biyu take ta mayar ɗaya, ta danna. Kafin Auta ta kurɓi shayinta an gama. Littafi guda, ko minti ɗaya bai ci ba.

A ranar ta tura wa kamfanin.

To a nan ne ni abin ya fi ɓata min rai. Waya tana hannunta. Kira ɗaya ya isa ta ce, Baba an gyara, ka yi haƙuri. Amma kunya ta hana ta, girman kai ya taya kunyar. Ta ce a ranta bari a kwana biyu, maganar ta huce tukuna. Kwana biyu ya zama mako, mako ya ja ɗan'uwansa.

Ana gobe ranar asibiti Mama ta kira. Auta ta ce jarrabawa ta sha mata kai, su ɗauki tasi. Mama ta fara cewa, "Ai Babanki ya ce ba zai..." sai Auta ta katse ta da cewa za ta shiga aji. Ba ta sake kira ba, don ba ta son a miƙa masa wayar.

Bayan wasu makonni saƙo ya zo: an karɓi littafi. Yanzu ta sami abin da za ta shiga gida da shi ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Ta ja mota tana ta murna.

A falo ta same shi, kusa da taga. Ya ƙara girman haruffa har kalma uku ta cika allo, fuskarsa kamar zai shige ciki. Yana lalubo aya da maɓallin kibiya, ya matsa gaba, ya goge tazara ɗaya, ya nemi ta gaba. Mama na zaune a gefensa tana ce masa, nan, a'a, gaba kaɗan.

"Auta ce?" ya tambaya, yana kallon gefen da ba nan take tsaye ba. "Ki ƙara min haƙuri, saura kaɗan. Idon ne yake min gardama."

Mama ta ja ta tsakar gida ta faɗa mata sauran. Bai je asibiti ba. An gaya masa bayan aiki zai daɗe bai kalli allo ba, shi kuma ya ce ba zai kwanta a ɗaure masa ido ba alhali ya ɓata wa yarinya littafi. Ta yi roƙo, ta yi faɗa, ya ce in ya gama zai je.

Auta ta koma falo. Ta ce masa an karɓi littafin. Ya yi hamdala, sannan ya tambaya yaya aka yi aka karɓa bayan bai gama ba. Gaskiya ta zo mata har baki ta kasa fitowa. Ta ce wata abokiyar aikinta ce ta ƙarasa.

Da safe ta kai shi asibiti. Likita ya duba ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ta ina suka shiga. Idon dama ya tafi. Na hagu an yi aiki an tsare ɗan abin da ya rage, wanda bai wuce ya bambanta haske da duhu ba.

Ranar da littafi ya fito, ta kawo masa kwafin farko. A shafin sadaukarwa sunansa ne, amma sai da Mama ta karanta masa. Ya shafa bangon, ya buɗe tsakiya ya bi shafin da yatsa kamar mai neman wani abu.

"Wannan abokiyar aikin taki," ya ce, "ki gaishe min da ita. Ni na san aikin nan, na san abin da ta sha. Allah ya tsare mata idonta."

Auta ta ce amin. Har yau ba ta gaya masa ba, kuma kullum ta je gidan sai ya tambaye ta ko ta isar da gaisuwar.

Darasi: Kada ka auna wanda ya yi maka hidima da kuskuren da ya yi a cikin hidimar, balle iyayen da suka ba ka abin da suka iya da irin sanin zamaninsu. Yawancin abin da muke yi wa tsawa a kai ana gyara shi cikin minti ɗaya, amma maganar da muka faɗa tana zama tana aiki a bayanmu. In ka san akwai wanda yake bin ka bashin "yi haƙuri", kira shi yau. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana riƙe da wayarsa yana jira a kwana biyu.