Fahad da Kwalbatin Garinsu

Akwai wani matashi mai suna Fahad, ma'aikacin gwamnati a Dutse. Asalinsa ɗan wani ƙaramin ƙauye ne a yankin Taura, inda mahaifinsa Baffa Jaji yake noma da kiwon 'yan shanunsa.

Tsakanin ƙauyen da bakin titi akwai kwazazzabo. Kwalbatin da ke kansa ya daɗe da ruftawa, da zarar damina ta kankama ko babur ba ya ƙetarawa.

Da Fahad ya je gida hutun sallah, sai ya ɗauki hoton wurin, ya ɗora a Fesbuk da zafafan kalamai. Nan da nan rubutun ya karaɗe ko'ina. Wannan ya danna alamar so, wancan ya tura gaba, kowa na rubuta, "Muna tare da ku."

Maganar kuwa ta yi tasiri. Kwamitin da ke tsara ayyukan yankin ya sa ranar zama, aka ce kowane gari ya zo ya faɗi buƙatarsa da bakinsa.

Yayarsa Adda Lauratu ta kira shi a waya.

"Fahad, ranar Talata ce fa. Ka zo, mu ba mu iya magana gaban manya ba. Ka taho da mutanen nan naka."

Ya yi dariya. "Haba Adda, ai an gama. Duk Jigawa ta gani. Ko don kunya sai sun yi mana."

Ya sake rubutawa cewa ranar Talata kowa ya fito. Aka yi ta danna masa. Ya ce a ransa, da wannan jama'ar ba sai ya je ba. Su ma, ashe, abin da kowannensu ya ce ke nan.

Ranar zaman, Adda Lauratu da Baffa Jaji da wasu dattawa ƙalilan ne suka je. Mutanen wani gari kuwa suka cika zauren, maza da mata, suna neman a gyara musu kasuwa. Su aka yi wa.

Fahad ya fusata, ya rubuta doguwar suka. Ita ma ta samu karɓuwa sosai.

Cikin watan Agusta, maciji ya sari Baffa Jaji a gonar gero. Kwazazzabon ya cika maƙil, ruwa na gudu. Aka ɗora shi a amalanke aka bi zagaye mai nisa ta cikin taɓo. Kafin su fito titi, rai ya yi halinsa.

A wajen zaman makoki wayar Fahad ba ta daina ƙara ba, saƙon ta'aziyya sai shigowa yake. Adda Lauratu ta dube shi, idonta ya yi ja.

"Ka san abin da shugaban kwamitin ya tambaye mu ranar nan? Cewa ya yi, 'Ina jama'ar da muka ga suna ta magana?' Baffa ya waiga bayansa, babu kowa. Sai ya ce, 'Ɗana yana hanya.' Har aka tashi ƙofa yake kallo."

Fahad ya kifa wayar a kan tabarma. 

Da aka sake kiran zama bayan kaka, ya ɗauki hutu ya tafi, ya bi gida-gida yana roƙon mutane su fito. Sun je, sun yi magana, an ce za a duba. Har yanzu suna zuwa.

Darasi: Rubutu a waya yana iya sa a saurare ka, amma ba zai tsaya a madadinka ba ranar da ake neman mutane. Kada danna alama ya sa ka ji kamar ka sauke nauyi. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, sannan in an kira zama kan matsalar unguwarku, ku je da ƙafarku.