Ruwan Wankin Kinuwa

"Tsakani da Allah, Zenobio, kana ganin Mama tana cikin hankalinta kuwa har yanzu?"

Akwai wata matashiyar matar aure mai suna Delfina. Tambayar nan ta tsinta a bayan katangar garken lama, wato ƙananan raƙuman tudu marasa tozo, tana tsugune tana tattara busasshen kashin dabba na hura wuta. Ba ita aka yi wa ba. Yayar mijinta ce, Fortunata, take yi wa ƙanenta Zenobio, mijin Delfina.

Daga birnin Oruro suka zo ƙauye, can bakin filin gishiri a ƙasarmu Bolibiya, inda ake noman kinuwa, wani hatsi mai kama da acca, domin ranar tunawa da matattu. Wannan ce ta farko tun rasuwar Baba Casimiro, mahaifin su Zenobio. Matarsa, Mama Gumersinda, ita kaɗai ta rage a gidan.

"Me kika gani?" in ji Zenobio.

"Me ban gani ba? Jiya da sunan ƙanwarta da ta mutu ta kira ni. Hula tana kanta tana neman hula."

"Ai ke ma kin taɓa neman waya tana kunnenki, Yaya."

"Kai dai tsaya wasa. Wata rana za a kira mu a ce ta ƙona gida. A tafi da ita birni, ina da ɗaki a bayan shago. Gonar kuma ga mai tarakta yana so, kinuwa ta yi daraja."

Zenobio ya ce, "In kika raba ta da gidan nan da kabarin Baba, ba za ta kai baɗi ba. Amma to. In na ga ta rikice da idona, zan yarda. In ban gani ba, a bar maganar."

"Za ka gani," in ji Fortunata.

Delfina ta ɗauki kwandonta ta zagaya ta ɗaya gefen, don kada su san ta ji. Ita ba mai magana ba ce. Tun da aka kawo ta gidan, Fortunata take kiran ta "bebiyar amarya", ita kuma sai ta sunkuyar da kai ta yi murmushi.

Mun taso muna ji cewa a wannan rana, da tsakar rana, ran mamaci yakan zo ya ziyarci gidansa. Sai a shirya masa tebur, a jera burodi da furanni da abincin da ya fi so, maƙwabta su zo su yi masa addu'a a ci tare. Ba abin da ya kai kunyar a ce mamaci ya zo ya tarar da abincinsa ya lalace. Ƙauye ba ya manta irin wannan.

Abincin Baba Casimiro kuwa kowa ya san shi. Tun da ciwon sukari ya kama shi aka hana shi farar shinkafa, sai Mama ta koma dafa masa shinkafa mai dusa haɗe da kinuwa, a ɗora a gefen gasasshen nama. Da fari yana mita, yana cewa abincin kaji ake ba shi. Daga baya in ba a yi ba, ba ya cin naman ma.

Mama ta ce ba wanda zai taɓa wannan tukunyar sai ita.

A rumbunta akwai hatsin kinuwa a buhu, akwai kuma a randa. Na buhu ɗanye ne, yadda aka sussuko shi daga gona, da ɗacinsa a jiki. Na randa shi ne wanda ta gasa a kasko, ta tattake da ƙafa a ramin dutse, ta sheƙe, ta wanke, ta shanya. Shi ake ɗiba a zuba a tukunya kai tsaye. A ido kusan ɗaya suke, balle idon tsohuwa a ɗaki mai duhu. A baki ne ake rabewa. Ɗanyen ko kare ba ya haɗiye shi.

Da safiyar ranar, Delfina ta je ɗauko tafarnuwa. Ƙofar rumbun a buɗe take kaɗan. Ta hango Fortunata ta tattare siket ɗinta masu tsada, tana juye abin da ke randa cikin wata jaka. Sannan ta kwance bakin buhu, ta cika randar da ɗanye, ta shafe samansa da tafin hannu, ta mayar da marfi.

Delfina ta ja da baya ta maƙale a jikin bango har matar ta wuce da jakarta zuwa mota.

Ta tsaya tana tunani. In ta gaya wa Zenobio, ta san shi, tebur zai kife kafin ran Baba ya iso. In ta tari Fortunata, wa zai yarda da bebiyar amarya a kan babbar 'yar gida? In ta yi shiru, da tsakar rana mutanen ƙauye za su tofar da abincin mamaci, gobe kuma a ɗaure wa Mama kayanta.

Sai ta ce a ranta, bari ta shiga ta wanke shi a ɓoye.

Ta tarar an riga ta. Mama Gumersinda tana durƙushe gaban randar, hannunta a ciki har wuyan hannu. Ta zaro shi a hankali, ta kai wajen hasken ƙofa. Wani farin gari ya manne mata a yatsu. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗora a harshe.

Sannan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Kin gani, 'yata?"

"Na gani, Mama."

"Da wane siket?"

Delfina ta ce, "Kore."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. "Ni na saya mata irinsa na farko, da kuɗin ulu." Ta dafa randar ta miƙe. "Ba ki ga komai ba. Ɗauko babban kwano, ki biyo ni ta baya."

"Lokaci zai ishe mu kuwa?"

"Shinkafar nan taurin kai gare ta, kamar mai ita. Za ta jira mu."

Mama ta soya albasa da tafarnuwa a ɗan kitse, ta zuba shinkafar ta juya har ta fara ƙamshi, ta tsaida ruwa, ta sa gishiri, ta rufe. A kan tudunmu ruwa yana saurin tafasa amma ba ya saurin dafa abu, shinkafa mai dusa kuwa ta fi kowa jan rai. Suka bar ta a wuta suka zagaya bayan madafa.

Ruwan tulun nan kamar ƙanƙara yake. Suka zuba kinuwar a kwano, suka shiga murza ta tsakanin tafukan hannu. Kumfa ta taso fara fat, kamar an jefa sabulu. Delfina ta ɗaga kwanon za ta zubar a ƙasa, Mama ta riƙe mata hannu.

"Wannan na farkon zuba mini a bokiti. Ina da aiki da shi."

Suka sake ruwa, suka murza, suka tsiyaye. Suka sake. Hannun Delfina ya yi ja, sannan ya daina jin komai. Na Mama ya tsage a gaɓoɓi, jini ya ɗan fito, ba ta ko duba ba. Daga cikin gida ana jiyo muryar Fortunata tana ba mata umarni, a matsar da wannan fure, a gyara wancan kyandir, tana dariya.

Sai da ruwan ya fita garau Mama ta sake ɗanɗana ƙwaya, ta miƙa wa Delfina ɗaya. Babu ɗaci.

Shinkafar ta kai rabin dahuwa. Suka zuba kinuwar a kai, Mama ta ƙara ruwan zafi kaɗan, ta janye itace ta bar garwashi. Da 'yan fararen zobban nan suka fara fita daga jikin ƙwayoyin, ta sauke, ta lulluɓe tukunyar da tsohon bargon Baba, ta bar ta ta huce a tururinta.

Rana ta take tsaka. Maƙwabta suka cika ɗaki, aka cire huluna, aka yi addu'a. Mama ta zuba wa mijinta nasa ta ajiye gaban hotonsa, sannan aka raba wa mutane, nama a gefe guda, shinkafa da kinuwa a gefe guda.

Delfina tana lura daga bakin ƙofa. Fortunata ba ta taɓa nata ba. Ta riƙe cokali, idonta a kan bakin Zenobio.

Zenobio ya kai loma. Ya tauna. Ya ajiye cokalin ya rufe fuska da hannu.

"Mene ne?" in ji Fortunata da sauri. "Wani abu ne a ciki?"

"Baba ne a ciki," in ji shi. "Kamar zai shigo yanzu ya ce an ba shi abincin kaji."

Ɗakin ya ɗauki dariya, wasu suna share ido. Wani tsoho ya miƙa kwanonsa ya ce in dai haka ake yi wa matattu, shi ma a fara yi masa tun yanzu ya saba.

Zenobio ya matso kusa da yayarsa ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, ci ki ji. Wannan ce wadda ta rikice? Maganar nan ta mutu, kada in sake jin ta."

Fortunata ta ci. Ta daɗe tana taunawa kafin ta iya haɗiyewa.

Da la'asar, rana ta dumama tsakar gida, mata suna zaune suna hira, Mama ta fito da bokitin nan. Ta sa hannu ta kaɗa, kumfa ta taso har baki.

"Fortunata, zo in wanke miki kai, yadda nake miki kina yarinya. Na safiyar yau ne. Dubi yadda ya yi kumfa, sai ka ce ba a taɓa wanke shi ba."

Mata suka hau guɗa da tsokana. Wata ta ce hajiyar birni yau za ta tuna gida, sabulun shago ya huta. Ba wadda ta ga wani abu a ciki, da ruwan wankin kinuwa duk aka wanke mana kai muna yara.

Fortunata ta dubi bokitin, ta dubi uwarta. Na randa ba ya kumfa, ta san da haka. Fuskarta ta sauya, amma babu hanyar ƙi a gaban jama'a. Ta cire hularta, ta warware kitsonta biyu, ta durƙusa da koren siket ɗinta a kan ƙasa.

Delfina aka ba moɗa ta riƙa zuba ruwa, shi ya sa ta ji abin da sauran ba su ji ba.

Mama tana cuɗa gashin a hankali, tana magana kamar mai rarrashin jariri. "Da gonar kika tambaya, da na ba ki. Me zan yi da ita, ƙafafuna sun gaji. Ɗakin nan kawai nake so, da hanyar da zan bi in je wajen ubanki."

"Mama, tsoro nake ji," in ji Fortunata, kanta a ƙasa. "Kullum waya ta yi ƙara sai in ce an tsince ki ne."

"Na sani. Ina mantuwa, ba ƙarya kika yi ba. Da wannan kika zo mini da shi, da mun zauna. Amma ki sa in ba mutumin nan ɗaci da hannuna, ranar da ya zo ganina?"

Kafaɗun Fortunata suka fara girgiza.

"Rufe ido, yana da zafi," in ji Mama. Sannan ta ɗaga murya ta ce wa matan, "Kumfa ce ta shiga mata ido. Tun tana ƙarama haka take, ba ta iya rufe ido ba."

Aka yi dariya. Mama ta ɗauraye mata, ta tsane gashin da mayafinta, ta sake kitsa mata shi da hannayen nan masu tsagewa.

Washegari, kafin a je maƙabarta a sallami ran Baba, motar Fortunata ta tashi. Ba ta yi wa kowa sallama ba. Jakar kinuwar ta bar ta a bakin rumbu, a ɗaure.

Mama ta tsira da gidanta. Amma da Delfina ta je yi mata ban kwana, ta same ta zaune a bakin ƙofa tana kallon hanyar da motar ta bi.

"Ba za ta iya haɗa ido da ni ba kuma," in ji tsohuwar. "Za ta riƙa aiko da sukari da man girki a hannun direbobi. Na san abin da na haifa." Ta kama hannun Delfina ta duba inda ruwan sanyi ya farfasa. "Ki shafa kitse. Kuma ki bar wa Zenobio yayarsa. Ita kaɗai zai samu in na tafi."

A motar komawa Oruro, Zenobio ya kasa zama.

"Me ya sami Yaya ne? Don na ce a bar maganar shi ne za ta tafi ba sallama? Ke da kike zaune shiru kina ganin komai, ba ki lura da wani abu ba?"

Maganar ta zo wa Delfina har bakin leɓe. Ta tuna duk ranar da aka kira ta bebiya a gaban mutane. Kalma kaɗan za ta faɗa, mijinta ba zai sake taka shagon matar nan ba har abada.

Ta tura hannayenta ƙarƙashin mayafi.

"Kumfa ce ta shiga mata ido," ta ce.

Ya yi tsaki ya juya yana kallon gishiri ta taga. Ita kuma ta jingina kai, ta ƙudurta a ranta cewa abin da ta gani a rumbun nan, ba shi, ba uwarta, ba 'ya'yan da za ta haifa, ba wanda zai ji daga bakinta.

Darasi: In tsufan iyayenka ya fara ba ka tsoro, ka je ka zauna ka faɗa musu tsoronka, kada ka haƙa musu rami don ka ci gardama. Uwa za ta gane, za ta kuma rufa maka asiri, amma kai ne za ka kasa sake kallon fuskarta. Wanda kuma ya ga aibin wani ya gyara ɓarnar ya kame bakinsa, ba wawa ba ne. Ku tura wa duk wanda tsohuwarsa take raye, tun tana gane muryarsa.