Kwalbar Barnaba

Attajiri Barnaba yana da wata kwalbar jar giyar inabi mai shekara talatin, ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba. Rannan ya so ya kori kukunsa Gambo, sai ya ce, "Kullum kana cika baki harshenka ya san komai. Faɗa mini ɗanɗanonta ba tare da an buɗe ba. In ka kuskure, tattara kayanka."

Gambo ya lashi jikin kwalbar, ya lumshe ido. "Maigida, ta yi tsami kamar kunun da ya kwana uku."

"Ƙarya kake!"

"To, buɗe mu ɗanɗana, ka kama ni."

Barnaba ya rungume kwalbarsa, ya ce, "Jeka ka ɗora tuwo."