Kunun Kulu da Tumatirin Ɗanladi

Akwai wani mutum a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, ana ce masa Ɗanladi. Damina biyu kacal ya yi a Kano yana gadin shago a Fagge, amma da ya dawo sai ka rantse shi ya gina ganuwa.

Lokacin ruwan madatsar Tiga bai daɗe da isowa ba, kowa ya rungumi noman rani. Duk wanda aiki ya yi wa yawa sai ya kira gayya, gari ya fito ya taya shi. Ɗanladi ya ce shi ya wuce nan.

"Kulu, a birni ko sunan maƙwabcinka ba ka sani ba," in ji shi ga matarsa. "Wayewa ke nan."

"To Malam, Allah ya ƙara wayewa."

Ba ta yi musu ba, amma ta san abincinsu na shekara yana cikin gonar nan tasa. Duk ranar gayya sai ta dama kunun tsamiya cike da ƙwarya, ta ba tsohuwa Adama ta kai wa masu aiki.

Tumatirin Ɗanladi ya yi kyau, har an ce wani baƙo ya tsaya yana taya ɗaya a zaton kabewa ce. Sai tumatirin ya tashi ya nuna gaba ɗaya. Direban motar da ke kai tumatir Kano kuwa ya ce bayan azahar zai tashi, ba ya jiran kowa.

Ɗanladi ya zaga Kura neman 'yan ƙwadago, kowa na gonarsa. Ya dawo ya zauna bakin magudanar ruwa, ya cire hula.

Can sai ga Dattijo, shugaban gayya, mutane na biye da shi da kwanduna.

"Baba, ni da ban taɓa zuwa gonar kowa ba?"

"Wa ya ce don kai muka zo? A garin nan gidan da babu namiji shi ke aiko da kunu, mu kuma mu yi masa aiki. Gidan Kulu bai taɓa fashi ba. Baiwar Allah, ita kaɗai take fama."

Dariya ta ɓarke.

"Ai ga ni, Baba!"

"Au, kana nan? To ɗauki kwando mu gani."

Kafin azahar an gama lodi. Da yamma Ɗanladi ya shigo gida ƙugu a riƙe.

"Kulu, gobe gayyar maƙwabcinmu Lukmanu. Kada ki dama komai, da ƙafata zan je."

"To Malam. Wayewar fa?"

"Na ɗora ta a mota ta koma Fagge."

Darasi: Birni yana iya sayen amfanin gonarka, amma ba zai zo ya taya ka tsinka ba. Duk inda ka je ka dawo, kada ka raina zumuncin mutanenka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda suka yi damina biyu a birni.