Takwarar 'Yar Mai Fasa Dutse

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba ni zan yanke ta ba, ku za ku yanke. Roƙona ɗaya ne, kada wanda ya katse ni sai na dire, don na san halinku da gaggawar yanke hukunci.

A bayan garin Kwarin Bagaruwa akwai wani dutse da ake ce wa Mafasa. Can leburori suke wuni, maza da mata. Maza su ɓaro manyan duwatsu, mata su zauna ƙafa a miƙe da guduma su mayar da su tsakuwa, tifa ta zo ta kwasa a kai wa masu gini. 'Ya'yansu kuwa babu inda za a bar su. Na goye yana baya, guduma na sauka a kan dutse, kansa na girgiza. Wanda ya fara tafiya yana wasa a gefen uwa, fari fat da ƙurar dutse kamar an birkiɗa shi a garin rogo.

A cikin gari akwai ƙungiyar mata ta taimakon juna, mata uku ne ke jan ragamarta. Akwai Malama Saratu, wadda ta shekara talatin da biyu tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya. Mace ce mai son tsari, ko tsintsiya ta ga an jingine a karkace sai ta tsaya ta gyara. Akwai Hajiya Rakiya mai atamfa, hannunta a buɗe yake, sai dai tana so in ta yi a gani. Sai Inna Hansatu mai waina, wadda ba ta mallaki komai ba sai tandarta da bakinta.

Wata rana Malama Saratu ta bi ta Mafasa za ta gaisuwar mutuwa, sai ta hangi yaro yana barci a ƙarƙashin tifa, don nan ne kaɗai inuwa. Abin ya tsaya mata a rai. Ta kai maganar taron ƙungiya, aka amince a buɗe wa 'ya'yan leburori makarantar rainon yara, kyauta. Hajiya Rakiya ta ba da gidan da mijinta ya bar mata a Sabuwar Unguwa, aka shafe shi da fenti, aka kafa allo da sunanta ɓaro-ɓaro. Inna Hansatu ta ɗauki girki. Malama Saratu kuwa ta zauna ta rubuta dokoki da kyakkyawan rubutunta: yunifom shuɗi da fari, takalmi, takardar haihuwa, a zo ƙarfe takwas a tashi sha biyu. Sun yi taro ya fi goma. A cikin su ukun babu wadda ta taka zuwa Mafasa ta tambayi iyayen yaran ko da kalma ɗaya. Mai shela kawai suka tura.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa, manyan gari suka zauna, mai hoto ya gyara tsayuwa. Takwas ta yi, tara ta wuce, ba yaro ko ɗaya. Malama Saratu tana bakin ƙofa rungume da rajista, zufa na keto mata. Nan Hajiya Rakiya ta yi dabara, ta aika aka kwaso jikokinta da na maƙwabta, aka zura musu yunifom ɗin da aka ɗinka don nuni, aka jera su a benci. Baƙi suka dinga cewa, "Kai, masha Allah! Dubi 'ya'yan leburori tsaf-tsaf!" Ba wadda ta buɗe baki ta gyara musu.

Ana cikin jawabi sai ga wata mata da ƙaramin ciki, goye da yarinya, riƙe da hannun yaro ɗan shekara huɗu. Sunanta Uwani, yaron kuma Ilu. Ta bar aikin rabin wuni, ta yi tafiya mai nisa, ta tsallako babban titi. Ta wanke yaron, ta shafa masa mai har goshinsa na ƙyalli, ta sa masa rigar ubansa da ta rage wa tsawo. Iyakar ƙoƙarinta ke nan, kuma ko makaho ya shafa zai gane.

Malama Saratu ta buɗe rajista ta ce, "Ina takardar haihuwarsa?"

Uwani ta ce, "Malama, a ɗaki na haife shi, shekarar da ruwa ya cinye gada."

"Yunifom fa? Ga shi ko takalmi babu. Ki je ki shirya shi ki dawo gobe."

Uwani ba ta motsa ba, tana leƙen benci ta kafaɗar Malama. Sai Hajiya Rakiya ta taso da sauri, mayafi na ja, ta ce ƙasa-ƙasa, "Baiwar Allah, ɗan koma bayan katanga mana, baƙi na kallo. Ai kin ga ma benci ya cika."

Ta zagaya bayan katanga, inda hayaƙin girki ke tashi. Inna Hansatu tana fama da tukwane, ta ɗaga ido ta ga mace da ƙura a ƙafa da yara biyu. Ba ta tambaya ba. Ta kankaro ƙanzon shinkafa ta ƙulle a leda ta miƙa, ta ce, "Ungo, a yi haƙuri, sauran na baƙi ne."

Uwani ta dubi ledar ta ce, "Inna, ba bara na zo ba. Makaranta na kawo shi." Ta ɗora ledar a kan katanga, ta ja hannun ɗanta suka koma.

Kwana huɗu bayan haka, Ilu yana zaune a gefen uwarsa a Mafasa, da misalin ƙarfe goma na safe, ɓarɓashin dutse ya yi tsalle daga bakin guduma ya shige masa idon hagu. An kai shi asibiti, an yi abin da za a iya, amma idon ya tafi.

Labarin ya iske Malama Saratu zaune a aji ita kaɗai, don jikokin Hajiya tuni sun koma makarantunsu na kuɗi. Ta dubi takardar dokokinta a bango. Ƙarfe goma na safe! Da ta ce masa shigo, da a wannan lokacin yana kan benci yana waƙar a, ba, ca. Kunya ta rufe ta irin wadda ba ta taɓa ji ba, har ta kasa haɗa ido da rajistar da ke kan teburi. Ta aika wa sauran biyun, kowace ta zo ta faɗi abin da ta yi wa matar, kowace tana zaton nata ne ya fi muni.

Suka ɗunguma zuwa Mafasa, zuwansu na farko ke nan. Suka yi sallama, aka amsa, guduma ba ta tsaya ba. Can wata tsohuwa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malama, ƙarfe takwas ɗin nan naku, mu lokacin rana ta riga ta gasa mu. Wa zai ajiye guduma ya tsallaka titi da yaro, sha biyu kuma ya sake ajiyewa ya je ɗauko shi? In ya dawo da shi nan ɗin dai zai kawo shi. Wa ya tambaye mu?" Uwani kuwa ta ajiye gudumarta. Ta kama haɓar Ilu ta juyo da fuskarsa wajensu, da bandeji a ido. Matan nan uku suka koma gida.

To, ga abin da kowace ta yi, ku riƙe da kyau.

Malama Saratu ta yage takardar dokoki da hannunta. Washegari ta ɗaura tsohon zani ta koma Mafasa, ta nemi guduma ta zauna cikin matan. Mako uku tana fasa dutse, tafin hannunta ya yi bororo ya fashe, ana yi mata dariya a ɓoye, daga baya a fili, daga baya kuma aka fara yi mata hira. A nan ta koyi cewa da an sallame asuba suke fitowa, sai la'asar sakaliya suke tashi. Ta mayar da lokacin makaranta haka. Ta soke yunifom, ta soke takalmi, shekarun yaro kuwa duk abin da uwa ta faɗa shi take rubutawa, ko shekarar gada ce ko ta fari. Kullum da sassafe ita ke bi bukka-bukka da doguwar igiya mai ƙulle-ƙulle, kowane yaro ya kama ƙulli ɗaya. Ba don ita ba, babu uwar da za ta sake yarda ta ba da ɗanta.

Hajiya Rakiya ta ga gidan Sabuwar Unguwa ya yi wa ƙananan ƙafafu nisa, ga babban titi a tsakani. Akwai wani mutum mai tsohon gidan ƙasa daf da Mafasa, mai babbar tsamiya a tsakar gida. Ta je ta ce su yi musaya, gida da gida, ba ciko. Mutumin ya zaci zolaya ce. 'Ya'yanta maza suka yi ca a kanta, suka ce gidan ubansu ne za ta ba da a karɓi kango, babban cikinsu ya yi wata biyu bai gaishe ta ba. Ta toshe kunnenta. Allon nan mai sunanta kuwa ta sa aka cire, aka fasa, Inna Hansatu ta hura wuta da shi. Ba don ita ba, da igiyar Malama ba ta da inda za ta kai yaran.

Inna Hansatu kuma ta ji matan na cewa, yaron da zai wuni tun asuba har la'asar me zai ci? A Mafasa ko ba komai uwa na gutsura masa abin da ta samu. Kun san mai waina da safe take ciniki, in hantsi ya yi kasuwarta ta tashi. Inna ta kife tandarta ta shekara ashirin, masu sayenta suka koma wajen wata. Ta koma gindin tsamiya tana dama kunu da safe, ta yi dafa-duka da rana, ta yi wa yara wanka, ta goya masu kuka. Ta kuma yi rantsuwa ba za ta ƙara zuba wa yaro abinci a wani kwano daban ba, a tire ɗaya take sa hannu da su, ƙanzon kuwa ita ke cinyewa. Ba don ita ba, da ranar farko yunwa ta mayar da yaran wajen iyayensu.

Makaranta ta kafu. Yara arba'in da wani abu, ba takalmi, ba yunifom, sai hayaniya. Uwani ce ta ƙarshen ba da nata. Kullum Malama Saratu ta zo wucewa da igiya sai ta rage ƙulli biyu ba kowa, ta tsaya a ƙofar bukkar ta yi sallama, a amsa, ta wuce. Sai da aka yi wata uku haka, ran nan Ilu ya fito da ƙanwarsa suka kama. Malama ta kau da kai don kada yara su ga hawayenta. Har yau in tana koyarwa ta dama da Ilu take tsayawa, kuma duk ranar da ya juyo da kai gaba ɗaya don ya ga allo, sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da cikin Uwani ya isa, ta haifi mace. Ana jibi suna, ita da mijinta Nomau suka aika a kira matan uku. Nomau ya ce, "Mun yi shawara za mu yi wa ɗayarku takwara. Mun kasa zaɓa, ku zaɓa mana."

Malama Saratu ta ce, "Wallahi ba ni ba. Ni na fara korar ta. A sa wa Hajiya, ita ta rasa gida."

Hajiya Rakiya ta ce, "Ni da na cika benci da jikokina na tura ta bayan katanga? A sa wa Inna."

Inna Hansatu ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Ni da na miƙa mata ƙanzo? Ku rufa mini asiri. Malama ce ta fasa dutse."

Sai Uwani ta yi magana daga kan gado, ita ce doguwar maganarta ta farko da su. Ta ce, "Ku daina turawa juna, ba lada nake rabawa ba. Na gode da makaranta, Allah ya saka. Amma ban manta ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na manta ba. Na ga a garin nan ba a tsayar da takwara a bakin ƙofa, ba a tambayar ta takarda, ba a ba ta abinci a leda. Ina so in mutu da sanin akwai gida ɗaya a cikin gari da 'yata za ta je ba a ce mata ta dawo gobe ba. Wadda ta san za ta iya ɗaukar wannan har ƙarshen ranta, ta karɓa."

Malama Saratu ta ji tana son sunan nan fiye da duk wata takardar yabo da aka taɓa ba ta, ta kuma ji ba ta da bakin nema. Ta saci kallon sauran biyun, ta ga su ma kansu a ƙasa yake.

Ranar suna da safe maza suka taru a ƙofar bukka, aka raba goro, wanzami ya zauna da zabirarsa. Liman ya karkato kunne wajen Nomau yana jiran a raɗa masa suna. Nomau ya waiwaya wajen zana, inda matan uku suke tsaye a bayanta, Ilu a gabansu ya karkace kai yana kallonsu da idonsa ɗaya.

Nan na tsaya, liman yana jira. Ukun nan kowace ta kori matar nan, kuma in ka cire ɗaya daga cikinsu babu makaranta. To, ku gaya mini: Saratu, ko Rakiya, ko Hansatu, wace ce a cikinsu ta cancanci a sa wa 'yar Uwani sunanta?