Mutumin da Ya Kai Irin Gidansa Gasa

An yi wani mutum, manomi, mai gonar masara guda da rumbu biyu da mace ɗaya wadda ta fi shi sanin abin da ke cikinsu. Ba mashayi ba ne, ba ya caca, ba a taɓa kama shi a ƙofar matar wani ba. Da za a tara masu zunubin garinsu a jera, ba wanda zai tuna ya aika a kira shi. Shi ya sa labarinsa ya fi dacewa da mu, ya 'yan uwa. Mashayi ya san abin da ya kayar da shi. Wannan kuwa ya tsufa yana tambaya.

Masararsa ta yi suna. Karanta gajere ne mai kauri, iska ba ta kwantar da shi. Ɓawon yana rufe bakin zangarniya ruf, ruwa ba ya shiga, tsuntsu ba ya samun ƙofa. Shi a ganinsa albarkar hannunsa ce, da tashin safe, da yawan taki.

Ga abin da bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Kowace shekara, sati biyu kafin girbi, matarsa takan yayyaga tsohon zane, ta shiga gona da hantsi. Kunyoyin gefe ko kallonsu ba ta yi, tsakiya take nutsawa. Ta tsaya gaban kara, ta girgiza shi, ta taɓa bakin zangarniya, ta juya ganye. Wanda ya yi mata, ta ɗaura masa ƙyalle. A duk faɗin gonar da ƙyar take samun talatin. Ranar girbi ta karya zangarniyoyinsu da hannunta, ta rataye su a rufin madafa, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari har damina. Wannan shi ne irin gidan. Daga hannun mahaifiyarta ta zo da shi, ƙulli guda cikin kayan aurenta. Shi kuwa in ya gan ta tana fitowa da raɓa har gwiwa, sai ya ce aikin mata ba ya ƙarewa don su ne ke ƙirƙiro shi.

A yankin, in kaka ta yi, akan yi baje kolin amfanin gona a wani fili bayan kasuwa. Rumfa uku ake kafawa. Ta hatsi, ta kayan lambu inda ake jera kabewa da albasa da barkono, da ta aikin gida inda mata ke kawo ɗinki da saƙa da sabulu da tumatir ɗin kwalba. Mai shiga gasar masara zangarniya ashirin yake kawowa. Kuma akwai ƙa'ida tun kafuwar gasar: masarar da ta zo ta ɗaya ba ta komawa gida. A nan take ake gurje ta, a raba wa manoman da ke wurin tafi-tafi, don iri mai kyau ya yaɗu. Mai ita kuma a ba shi takarda mai hatimi da hoto tare da alƙalai.

Shekarar farko mai askin garin ne ya zuga shi. Ya ɗebi ashirin daga tari ya kai, ya zo na huɗu. Na huɗu ba ya samun takarda, sai sannu. Mai aski kuwa, aska a wuyan mutumin, ya ce ai na huɗu ma lamba ce, tunda ko jaki ƙafa huɗu gare shi. 'Yan zaman shago suka yi dariya. Da wannan dariyar ya kwana shekara guda.

Da kaka ta zagayo, ana jibi gasa, ya shiga madafa neman wuƙa, ya ɗaga kai. Ga su a rataye, kowace da ƙyallenta, ƙwaya a jere kamar an sa zare. Ya sauke ashirin mafi kyau, ya kwance ƙyallayen ya zubar a murhu.

Matar ta dawo daga rijiya ta tarar da goma suna lilo. Ta ce, "Malam, iri ka ɗauka."

Ya ce rumbu biyu cike da masara, wane irin ne kuma ya ɓata? Masara ai masara ce.

Ya zo na ɗaya. Aka gurje ashirin ɗin a kan tabarma, yana tsaye yana murmushi, maza suna miƙa hannu suna ƙullewa a gefen riga. Da malamin gona, shugaban alƙalai, ya tambaye shi sirrin, ya yi jawabi mai tsawo kan tashin safe da takin akuya. Matarsa tana rumfa ta uku, taku ashirin daga inda yake, a tsaye kusa da wani mayafin gado da ta haɗa da guntayen yadi. Bai ambace ta ba. Bai ma leƙa ya ga ko mayafin ya ci wani abu ba. Daga ranar mai aski ya sa masa Na Ɗaya, sunan ya bi shi.

Ku lura, ya 'yan uwa, zunubi uku ya yi a yini ɗaya, ko ɗaya bai yi kama da zunubi ba. Ya ɗauki abin da ba nasa ba. Ya karɓi yabon aikin da bai yi ba. Ya yi wa ni'ima butulci. Wa zai kai mutum ƙara a kan masarar gidansa?

Matar ta cike gurbin da abin da ta tsinta a tari. Shekara ta gaba ta sake ɗaura ƙyalle, amma ta ɓoye zangarniyoyin a akwatin ɗinkinta. Ya gano. Ta ce masa abin da yake kaiwa shi ne abin da za a shuka, kuma abin da aka raba ba ya dawowa. Ya ce wannan ce ta ƙarshe, har da rantsuwa. Ya ci. Karo na uku ta kai su ƙarƙashin gado, ya zaƙulo, ta sake faɗa, ya sake rantsewa, ya sake ci. Takardu uku a bangon ɗakinsa, ya sa an yi musu gilashi.

A shekarar da ta biyo baya ya shiga gona ana saura sati guda girbi, ya ce bari ya riga matarsa, ya karya masu ƙyallen tun a tsaye. Ya bi kunya kunya yana neman ƙyalle. Babu. Ya koma farko ya sake bi. Babu ko zare. Ya dawo gida ya same ta tana ɗinki a inuwa, ya tsaya a kanta yana jira ta ce wani abu. Ta gaishe shi da gajiya, ta miƙo masa ruwa. Girman kai ya hana shi tambaya, don tambaya amsa laifi ce.

Sai ya zaɓa da kansa. Ya nufi kunyoyin gefe, inda manyan zangarniyoyi suke, ya karya ashirin mafi girma. Bai san masarar gefe sarari da rana ne suka ƙosar da ita ba, ba nagartar iri ba. Ya kai su gasa yana taƙama. Ya zo na uku. Ragowarsu kuma shi ya ajiye na shuka, tunda yanzu zaɓen ya dawo hannunsa.

Wanda ya zo na ɗaya tela ne, mutumin da rabin yini yake a kan keken ɗinki, gonarsa ba ta kai rabin tasa ba. Na Ɗaya ya matsa ya ɗauki zangarniyar telan, ya juya ta. Ɓawo a rufe ruf. Ƙwaya a jere. Ya san ta kamar yadda mutum ke sanin tafiyar ɗansa daga nesa. Abin ya ɗaure masa kai. Ya za a yi masararsa ta zo ta ɗaya shi kuma ya zo na uku?

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya ɗaga murya ya ce an shiga gonarsa, an yi masa sata. Telan bai yi fushi ba. Ya ce, "Baba, kai ka zuba mini a tafi, shekara uku a jere. Har ka ce in yi addu'a ko zan kamo ƙafarka. To, na yi."

Daga nan sai bincike. Ya ce ƙasa ce ta gaji, ya ninka taki, masara ta yi tsawo ta yi laushi. Ya ce ido ne, ya kewaye gonar da ƙaya don kada masu wucewa su gani. Ya ce lokacin shuka ne, ya riga kowa, tsiron ya ƙone. Ya zargi akuyoyinsa. Ya zargi garmarsa ya canza ta. Yakan tsaya a kan iyaka, ga tasa ga ta maƙwabci, ruwa ɗaya, rana ɗaya, ya kalli nan ya kalli can har wuyansa ya gaji.

Ya je ofishin malamin gona, ɗan ɗaki mai tebur guda da buhunan gwaji a jingine. Malamin ya saurare shi, ya murza ƙwayoyin da ya kawo, ya yi masa tambaya ɗaya: a da, wa ke zaɓa muku iri?

Ya ce, "Ni mana. Wa kuma?"

Malamin ya ce to in haka ne shi ma bai gane ba, tunda hannun bai canza ba. Kun gani? Allah ya kawo shi har bakin ƙofa, kalma ɗaya ce mabuɗin, ya sa ƙafa ya tura ƙofar ta rufe. Takardun bango sun zama masu gadinsa. Mutumin da ya yi jawabi uku kan takin akuya, ta yaya zai ce ban san komai ba, matata ce?

Ana cikin haka matar ta kwanta. Ba ta daɗe ba. Masara na fitar da gemu aka kai ta. Mutane suka yi ta'aziyya suka watse, gidan ya yi faɗi. Wanda ya san wannan faɗin ya san shi, wanda bai sani ba kuma bayani ba zai amfane shi ba.

A wannan daminar aka yi iska mai ƙarfi, yini ɗaya. Washegari ya je gona ya tarar da masararsa kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Ta maƙwabtan hagu da dama a tsaye. Abin da ya tsira bakinsa a buɗe yake, ruwa ya shiga ya ruɓar, ƙwari suka ƙarasa a rumbu. 'Yarsa, wadda ke aure a ƙauyen gaba, ta ce ya je wurin tela ya roƙi mudu ɗaya na iri, ba wanda zai hana shi. Ya ce shi Na Ɗaya ya je roƙon masara wurin mai keke? Ya tafi kasuwa ya sayo na wani mai talla, a leda mai hoton zangarniya kamar damtsen mutum. Tsohuwar masara ce aka rina ta ja. Kashi ɗaya cikin goma ya tsiro. Shekara biyu bayan haka gonar tana hannun wani, shi kuma yana ɗakin baya a gidan surukinsa, takardunsa a cikin kwali saboda bangon ba shi da ƙusa.

Duk wanda ya zo gaishe shi, tambayar ɗaya ce: wai me ya sami ƙasar nan?

Wata kaka 'yar ta kai shi baje kolin don ya ga mutane. Ta zaunar da shi a benci tsakanin rumfar hatsi da ta mata. Yana nan ya ji matar tela tana koya wa wata amarya: kada ki kalli na gefe, ki shiga tsakiya, ki girgiza karan, ki taɓa baki, sannan ki ɗaura. Ta ce haka marigayiya ta koya musu a wannan rumfar, shekarar da ta daina yi a gidanta. Wasu mata suka yi mata addu'a.

Ya jawo hannun 'yarsa ya tambaya wace marigayiya ake nufi.

Ta ce, "Inna mana, Baba. Duk masarar da ke rumfar nan tata ce."

Ya daɗe yana kallon jerin zangarniyoyin. Can ya ce, "To, in ta san haka, me ya sa ba ta faɗa mini ba?"

"Ta faɗa. Sau uku."

Ya girgiza kai. Ya ce shi dai bai ji ba. Ya ce kuma har yanzu yana ganin akwai abin da ya sami ƙasar.

Ya 'yan uwa, malamai sun rarrabe riya da jiji da kai. Mai riya ya san ƙarya yake yi, yana son a gani. Mai jiji da kai ya yi ƙaryar har ta kama shi, ya gaskata ta. Na farko yana iya tuba, don ya san inda ya ajiye laifinsa. Na biyu me zai tuba a kai? Uƙubarsa ba wuta ba ce daga sama. An bar shi ne da bayanin da ya ƙirƙira, ya yi ta neman dalili a ƙasa da taki da akuya.

Kowannenmu yana cin albarkar wani hannu da bai taɓa ambata ba. Yawanci hannun yana cikin gidansa, yana miƙo masa ruwa. Muna gode wa baƙo a kan ƙaramin abu, mu bar wanda ya riƙe mana rufi shekara talatin ba ko madalla. Wanda yake da wanda zai tambaya, ya tambaya yau, ya kuma saurari amsar, ya faɗi sunan mai aikin a gaban mutane tun mai aikin yana iya ji. Kabari ba ya koyar da zaɓen iri, kuma ba ya karɓar godiya.

Allah ya kiyaye mu daga cin yabon da ba namu ba, da kunnen da ba ya jin na gida. Ya nuna mana laifinmu tun muna da wanda za mu nemi gafararsa. Ya jiƙan matan da suka riga mu. Amin.